Yadda zaka kula da ruwa da mayukan tsohuwar motarka kafin zafin bazara ya cinye maka inji

Duk mai tsohuwar Fijo 504 ko 404 ko Marsandi irin ta da a nan Gusau da kewaye ya san daga watan Maris zuwa Mayu ne ake gane wanda ke kula da mota da wanda kawai hawa ya iya, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana tsaka, kwalta na turiri, ka taso daga Tsafe kafin ka kai Kwatarkwashi allurar zafi ta fara hawa kana kallonta tana kallonka. Kuma mu faɗi gaskiya, yadda hanyoyinmu suke yanzu babu wanda ke son mota ta tsaya mishi a daji da yamma yana jiran inji ya huce. Shi yasa wannan maganar ta wuce ta ƙawa ko son tsohon abu.

Ni a ganina yawancin tsofaffin motocin da suka mutu a garin nan ruwa ne ya kashe su. Injin 504 inji ne mai haƙuri, motar ta fito tun 1968 a Faransa, kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975 kuma ya ci gaba da haɗa 504 har 2006, to motar da aka yi shekaru haka ana haɗawa a ƙasar nan ba za a ce bata san zafinmu ba. Abinda bata iya jurewa shine ruwan da muke ɗura mata da kuma dabarun da ake mata a gareji da sunan gyara.

Ruwan da kake zubawa a lagireto

Jeka kicin ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanka, in ruwan bohol ko na rijiya kuke amfani da shi zaka ga wani farin abu mai tauri ya kama gindinta. To abinda ke faruwa a cikin lagireto da cikin inji kenan, sai dai shi can hanyoyin ruwan sirara ne ƙwarai, kaɗan ya kama sun toshe. Ruwan ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, in ya yi zafi sai su rabu da ruwan su manne a jikin ƙarfe, gashi kuma ruwa zalla yana kawo tsatsa a bulok ɗin inji tunda baƙin ƙarfe ne, shi kuma top ɗin 504, wato kan injin da ke rufe saman bulok, alminiyam ne sai ya riƙa cinyewa a hankali ta wajen ramukan ruwa har wata rana gaskit ya rasa inda zai zauna. Mutane da yawa suna ganin in sun fasa fiya wata sun zuba ai sun kyautata wa motar, alhali fiya wata ɗin ma yawanci ruwan bohol ne aka tace don sha, ma'adinan suna nan.

Abinda ya kamata shine ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ake saidawa a jarka da sunan ruwan batir. Amma hwa a kula, a shagon batir akwai ruwa iri biyu, akwai zallan ruwa na ƙari akwai kuma mai asid da ake cika sabon batir da shi, in ka kuskura mai asid ya shiga lagireto ka gama da shi, saboda haka ka tambaya da kyau ka karanta jikin jarkar. In kuɗi sun yi wuya, ruwan da ke ɗiga daga bayan AC na gida ko ofis shima bashi da ma'adinai, ka tara a bokiti mai tsabta ka tace da ƙyalle. Ruwan sama ma ya fi na bohol nesa ba kusa ba in dai ba na farkon damina bane da ya wanko ƙurar kwano.

Sai kulan, wato maganin da ake sirkawa da ruwan lagireto. Akwai masu cewa ai kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da ba mu da sanyin da zai daskarar da ruwa me zamu yi da shi. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga aikinshi. A cikinshi akwai maganin da ke hana tsatsa da cinyewar alminiyam, yana kuma ɗan ɗaga matakin da ruwa ke tafasa, in an haɗa rabi da rabi yana kai wajen digiri 107 maimakon 100. Sai dai ruwa ya fi kulan iya kwasar zafi, saboda haka a yanayinmu ba sai ka yi rabi da rabi ba, kashi ɗaya na kulan mai kauri kashi biyu na ruwa ya wadatar. In wanda ka saya an riga an sirka shi daga kamfani to kar ka ƙara mishi ruwa, zaka ga an rubuta a jiki. Ga tsohon lagireto na jan ƙarfe da aka haɗa da dalma, kulan irin na da wanda yawanci kore ne shi ya fi dacewa, a canza shi duk shekara 2. Amma kar ka dogara da launi kaɗai don yanzu kowa rina nashi yake yadda ya ga dama, akwai wanda in ka duba ruwa ne da kala kawai, mai arha sosai ka yi shakkarshi. Kuma kar ka cakuɗa iri biyu.

504 mai injin lita 2 tana ɗaukar ruwa kusan lita 8 gaba ɗaya har da na hita, to ka yi lissafinka a kan haka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kulan guba ne kuma yana da ɗan zaƙi. In ka zubar da tsoho a tsakar gida ko ka bari a buɗaɗɗen bokiti akuya ko kyanwa zata sha, yaro ƙarami ma zai iya kai baki, kuma ƙoda yake lalatawa. Ka tara shi a jarka mai murfi ka ajiye inda hannun yara baya kaiwa, kar kuma a zuba shi a robar lemo.

Wanke cikin kafin ka zuba sabo

Babu amfanin ka zuba kulan mai tsada a kan laka. Da safe inji na sanyi ka buɗe murfin lagireto, ka tura maɓallin hita zuwa zafi don ruwan da ke cikinta shima ya fito, ka kwance hos ɗin ƙasa ka bar ruwan ya zube a roba. A jikin bulok akwai wani ƙusa na zubar da ruwa, yawancin kanikawa basa taɓa shi saboda yana wuyar kaiwa, amma nan ne dattin ke kwanciya, in ka kwance shi ruwa bai fito ba to laka ce ta toshe, ka sa waya ka zungura zaka ga abinda zai biyo baya, ja wur. Ka maida komai ka cika da ruwa mai kyau, ka tada mota ta yi zafi kamar minti 15, ka kashe ka bari ta huce sosai, ka sake zubarwa. Haka zaka yi ta yi har ruwan ya fito garau. Aikin yini ne, ka zaɓi ranar da ba ka da tafiya.

Kar ka yarda a zuba maka soda ta yin sabulu a ciki wai don ta ci datti, soda tana cin alminiyam, top ɗinka zata fara ci kafin dattin. Omo kuma kumfa kawai zai cika maka inji da shi. Akwai maganin wanke lagireto da ake saidawa a shagon kayan mota, shi zaka nema ka bi abinda aka rubuta.

In bayan duk wannan motar bata daina zafi ba, ka bari ta yi zafi ka kashe inji sannan ka shafa bayan hannunka a fuskar lagireto daga sama zuwa ƙasa, a hankali don yana ƙuna. Ya kamata zafin ya zama bai ɗaya yana raguwa kaɗan kaɗan zuwa ƙasa. In ka ji wani waje da zafi wani wajen sanyi ƙalau to hanyoyin wajen sun toshe, sai a cire shi a kai wa masu gyaran lagireto, su narke dalmar su ɗage tankin sama su bi kowace hanya da siririn ƙarfe su fitar da dattin sannan su maida su like. Ka tsaya a wajen ka gani da idonka, kuma ka sa a gwada shi a cikin ruwa da iska kafin ka biya. In an ce maka wasu hanyoyin sun ruɓe sai dai a toshe su, guda biyu ko uku babu laifi, amma in sun yi yawa gara a canza cikin gaba ɗaya. Ni dai na fi son a gyara tsohon na jan ƙarfe da a sayo sabo mai bakin roba, don na jan ƙarfen ko a ƙauye ya fashe za a samu mai like shi.

Wajen lagireto ma yana son wanki. Bayan hunturu ƙura ta cika tsakanin ganyayyakin, ga ƙwari ga ɓuntun shinkafa da ƙaiƙayi in kana bin hanyar Talata Mafara da Bakura lokacin girbi. Ka watsa ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, ba da ƙarfi ba, injin wankin mota mai matsi yana lanƙwasa ganyayyakin in an kusanto da shi.

Maganar tamostat

Nan ne zamu ɓata da wasu. Kusan duk tsohuwar motar da ka buɗe a garin nan zaka tarar an cire mata tamostat, kuma in ka yi magana amsar guda ce, "Alhaji ai wanga abu na Turawa na, mu nan zahi muka da shi, bari in hidda maka shi ka huta." Kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, haka ya koya wajen maigidanshi.

Tamostat wani ɗan bawul ne da ke zaune inda hos ɗin sama ke fita daga inji. In inji na sanyi yana rufe, ruwa na zagayawa a cikin inji kawai har ya kai zafin aiki, a irin waɗannan tsofaffin motocin yawanci tsakanin digiri 75 da 82 ne, an buga lambar a jikinshi, daga nan sai ya buɗe ruwa ya wuce lagireto. In ka cire shi, da asubar Disamba da Janairu lokacin da sanyi ke sa mutane hura wuta a ƙofar gida, injin zai daɗe bai yi zafi ba, fetur baya ƙonewa da kyau, yana wanke man da ke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, ringi na cinyewa, mota na shan mai. Da rana kuma cire shi ba zai hana motar da lagiretonta ya toshe yin zafi ba, ɗan jinkirta abin kawai zai yi. Tamostat mai lafiya baya sa mota zafi. Wanda ya mutu a rufe shi ke sawa, kuma maganinshi a sa sabo.

Gwada shi ba wuya. Ka ɗaure shi da zare ka saka a tukunyar ruwa a kan wuta ba tare da ya taɓa gindin tukunyar ba, kafin ruwan ya tafasa zaka ga ya buɗe baki sosai, in ka fitar da shi ya huce ya koma ya rufe. Wanda bai motsa ba ko ya ɗan buɗe kaɗan ya tsaya, jefar da shi. Sabon ma ka gwada shi haka kafin a ɗaura don kasuwar cike take da jabu.

Murfin lagireto shima mutane sun raina shi, zaka ga an ɗaure bakin da leda ko an sa murfin wata mota daban. Murfin ne ke riƙe matsi a ciki, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa da wuri, murfi mai riƙe matsin da ya kai bar 1 a ma'aunin matsi yana kai tafasar ruwa wajen digiri 120. In robar ƙarƙashinshi ta tsage ko sifirin ya mutu, ruwa zai riƙa tafasa yana fita ta bututun gefe kai kuma kana ta ƙari kana zargin gaskit. Amma kar ka ce bari in sa mai ƙarfi sosai, tsohon lagireto da tsofaffin hos ba zasu jure ba, ka nemi mai lamba daidai da wanda motar ta zo da shi. Abu ne mai arha, ka canza shi duk sanda ka canza kulan.

Fambel ka danna shi da babban yatsa a tsakiya, ya lotsa kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. In ya yi sako-sako yana sulɓewa wata-fam, famfon da ke zagaya ruwa a inji, baya juyawa yadda ya kamata, in ya yi tauri da yawa yana kashe boris ɗin wata-fam da na altaneta. Ka juya cikinshi ka duba, in ya fara tsattsagewa ko yana ƙyalli canza shi, tsohon kuma ka jefa a but tare da sifana, wata rana zai fidda kai. Wata-fam kuma inji a kashe ka kama fanka ka girgiza gaba da baya, in tana wasa boris ya tafi, sannan ka leƙa ƙarƙashinshi akwai ɗan rami, in ka ga alamar ruwa ko tsatsa ta bi daga nan to sil ɗin ya fara sallama. Wasu 404 da 504 fankarsu mai maganaɗisu ce, tana kamawa ne sai ruwa ya yi zafi ta hanyar wani suwic da ke jikin lagireto, in motar na zafi a cunkoso amma tana lafiya a kan hanya to fara duba nan. Hos ka matsa su da hannu da safe, wanda ya yi laushi ya kumbura kusa da kilif ko ya bushe yana ƙara in ka matsa ya gama aiki, kar ka manta da ƙananan da ke zuwa hita ta bayan inji, su ne ke fashewa ba a gani.

In ta yi zafi a hanya

Ka sauka gefe, ka kunna hita zuwa ƙarshe duk da zafin da ake don tana janye wani zafin daga inji, in ba ka ga ruwa na zuba ba kuma fambel na nan ka bar injin yana aiki a silo na ɗan lokaci ka ga ko allurar zata sauko. In bel ya tsinke ko ruwa na tsiyaya ko tururi na fita, kashe nan take. Kar ka buɗe murfin lagireto, wallahi mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a nan, ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100 kana sassauta murfin zai yi tsalle. Ka jira aƙalla rabin awa, ka sa tsumma mai kauri ka juya murfin rabi iska ta fita tukuna. Kuma don Allah a daina kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, top ɗin alminiyam lanƙwashewa yake ko ya tsage. In zaka ƙara ruwa ka tada inji ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan. A irin wannan halin duk ruwan da ka samu zuba, ko na rafi ne, in ka isa gida ka zubar ka wanke.

Bayan duk wani zafi mai tsanani ka sa ido kwana biyu. Alamun gaskit ya ƙone sune farin hayaƙi mai yawa a salansa ko bayan mota ta yi zafi, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto in inji na aiki, hos ɗin sama ya yi tauri minti kaɗan da tada mota, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka ga abu mai yauƙi kalar shayi da madara. In an zo buɗe top ɗin 504 ka tuna silif ɗinta, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, irin wanda ruwa ke zagaye shi kai tsaye ne kuma ana iya zare shi, da zarar an ɗage top dole a danne silif ɗin da washa da ƙusa kafin wani ya juya inji, in ba haka ba ya motsa daga mazauninshi, sil ɗin ƙasa ya saki, ka haɗa inji ruwa ya ci gaba da shiga mai. Bakaniken da ya san Fijo ba sai ka faɗa mishi ba, in ka ga yaro ne ke aikin ka tsaya kusa. Kuma a kai top ɗin a auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gaskit.

Baƙin mai da sauran

Baƙin mai shima yana kwasar zafi, musamman daga ƙarƙashin fistin da boris inda ruwa baya kaiwa, mota mai ƙarancin mai tana zafi ko lagiretonta sabo ne. Ga waɗannan injinan mai kauri mai lamba 20W-50 shi ne daidai da zafinmu, siraran mayukan da ake sa wa sababbin motoci irin 5W-20 ba nasu bane. 504 na ɗaukar kusan lita 4. Ka canza shi da filta duk kilomita 5,000, in kana yawan bin hanyar ƙasa ko lokacin hunturu ne ka rage zuwa 3,000, in kuma motar ajiya ce sai ranar Juma'a ko biki ake fito da ita to duk wata 6 ko bata yi tafiyar ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ni bana sa wa motata, ba ka san daga ina ya fito ba, ka sayi galan a rufe a gidan mai ko babban shago ka fasa da hannunka. Wajen aunawa mota ta tsaya a daidai, inji a kashe na wasu mintoci, ka zaro sandar ka goge ka maida ka sake zarowa. Kar ya wuce layin sama, cika shi fiye da ƙima yana fasa sil. In taka mai filtar iska irin ta da ce wadda ake zuba mai a gindinta, ka buɗe ka ga yadda ƙura ta zama taɓo a ciki, a wanke da kananzir a zuba sabo zuwa layi.

Masu Boswaja ƙirar kunkuru, ku naku ba ruwa, iska da mai ne kawai ke sanyaya injin, man kuma lita 2 da rabi ne kacal ba filta sai ɗan rariya, saboda haka ku ne ya fi kamata ku riƙa canzawa a kan kari. Bel ɗin ku shi ke juya fanka, in jar fitilar caji ta kama kuna tafiya ku tsaya nan take.

Man birki yana shan danshi daga iska ko motar na ajiye, shi yasa ake cewa a canza shi duk shekara 2. Man birki mai lamba DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 155, DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140, to ka ɗauko kaya kana ta taka birki sai ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Danshin kuma yana sa tsatsa a cikin masta, wato babban famfon birki, da silindar ƙafa. In ka leƙa kofin ka ga man ya yi baƙi lokaci ya wuce, a zuƙe tsohon a zuba sabo a yi bilidin ƙafa huɗu, wato a fitar da iska da tsohon mai, ana farawa daga wadda ta fi nisa da masta har sai mai tsabta ya fito. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 daban ne kar a cakuɗa. Abinda ba a yi ko da wasa shine zuba baƙin mai ko man giya a kofin birki, robobin ciki kumbura suke gaba ɗaya sai an canza komai. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye wata da watanni shima ya riga ya sha iska, sayi ƙarami ka gama da shi. Yana cin fenti, in ya ɗiga a jikin mota wanke da ruwa da sauri. Kulocin 504 ma da irin wannan man yake aiki, a duba shi tare.

Giya da aksul su ne marayu, sai sun fara kuka ake tunawa da su. Kowanne yana da ƙusa a gefe, mota a daidai ka kwance, man ya kamata ya zo daidai bakin ramin, in ka sa yatsa ba ka taɓo ba a ƙara. Kullum ka fara kwance na cikawa kafin na zubarwa, don in ka zubar sannan na saman ya ƙi kwancewa ka shiga uku. Giyar hannu ta 504 man inji kamfani ya ce a sa mata, aksul ɗin baya kuma man giya mai lamba 80W-90. Masu 404 ku yi hattara, aksul ɗin salun ɗinku yana da haƙori na tagulla, kuma wasu mayukan giya na zamani suna cin tagulla in sun yi zafi, ku nemi wanda aka rubuta ya dace da ita. Marsandi mai giya otomatik ana auna nata ne inji na aiki bayan ta yi zafi, man ya zama ja mai haske, in ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna a canza shi da filta. In ka ratsa ruwa mai zurfi da damina, irin wanda ke cin hanya a watan Agusta, ka duba man aksul washegari ko ruwa ya shiga.

Batir mai murfi a sama zafi na ƙafar da ruwanshi da sauri, duk wata ka buɗe ka ga ruwan ya rufe farantan da kamar santimita 1, ƙari da zallan ruwan batir kawai, ba a ƙara asid.

Duk wannan dubawar ta safe bata wuce minti biyar, kafin ka tada mota ka ɗaga bonet, ruwa, baƙin mai, man birki, ka danna bel, sannan ka ja motar baya kaɗan ka kalli ƙasan inda ta kwana. Baƙi man inji ne, kore ko ja-ja mai santsi ruwan lagireto ne, mai kauri da wari a wajen tayoyin baya na aksul ne, wanda ya jiƙa cikin taya kuma man birki ne kuma da shi ba a fita. A but ka ajiye jarka mai lita 5 ta ruwan da ka riga ka sirka, lita ɗaya ta baƙin mai, ƙaramin man birki a rufe, bel, hos ɗin sama da na ƙasa da kilif guda biyu. In tafiyar Sakkwato ko Funtuwa ce a watan Afrilu ka fita da sassafe ka isa kafin azahar.